Kwana Biyar a Garnaɗa Saboda Jita Biyu

Gardama ce ta kai ni Garnaɗa, birnin nan na kudancin Sifaniya. Akwai wani abokin aikina a Dublin, babban birnin Ayalan, mutumin Herez da ke kudancin Sifaniya, wanda muke zama tebur ɗaya lokacin abincin rana. Ran nan ya tarar da ni da abin sauraro a kunne, yatsuna suna ta kai-komo a kan tebur, ya tambaye ni me nake ji haka. Na zare ɗaya na miƙa masa, na ce ai kiɗan garinku ne, filamenko. Bai yi rabin minti ba ya maido mini. Ya ce, "Ɗan'uwa, mutanen nan sun iya hannu, amma wannan ba filamenko ba ne. Ko hanya ba su haɗa ba." Maganar ta sosa mini rai, don shekara uku ke nan ina jin kiɗan nan safe da yamma, kuma da sunan nan nake kiransa. Na ce to in ba shi ba ne, mene ne? Ya ce bakinsa ba zai iya kai ni ba, sai dai in je in ji da kunnena.

Waɗanda nake ji ɗin su ne Rodrigo Sánchez da Gabriela Quintero, 'yan birnin Meksiko, waɗanda duniya ta sani da Rodrigo y Gabriela. Jita biyu ce kawai, irin ta katako mai tsirkiyar nailan, ba ganga, ba mawaƙi, amma in ka rufe ido sai ka rantse mutum biyar ne a kan dandamali. A cikin kiɗan metal suka taso, wato kiɗan nan na jitar lantarki mai ruri kamar injin niƙa, wanda su Metallica suka yi suna da shi. Har ƙungiya suka yi mai suna Tierra Ácida. Da abin bai kai su ko'ina ba sai suka jingine kayan lantarki, suka koma bakin teku a Ixtapa suna yi wa baƙi kiɗa a otal-otal. A 1999 suka rungumo jitocinsu suka sauka Dublin. A titin Grafton suka riƙa zama cikin sanyi, masu wucewa na jefa musu sulalla. A 2006 faifansu ya hau mataki na ɗaya a ƙasar Ayalan, kuma a cikinsa akwai "Orion" ta Metallica da suka sauke a kan katako. A 2020 suka karɓi kyautar Grammy. Ni kuwa da wuya Asabar ta wuce ban bi ta Grafton ba. Nakan tsaya gaban masu kiɗan titi, ina duban bakin kantuna ina tunanin a wace kusurwa su biyun suka taɓa tsugunawa.

Zaman Ayalan ba ya ba mai fasfon Najeriya damar shiga Sifaniya, sai da na nemi bizar Shengen daban. Da ta fito, cikin watan Afrilu, na hau jirgi zuwa Malaga, tafiyar kusan awa uku. Daga can bas ce, ba ta cika awa biyu ba. Hanya duk gonakin zaitun ne, jere-jere bisa tuddai kamar an yi wa ƙasa kitso. Da muka kusa gari sai ga tsaunukan Sierra Nevada da farar ƙanƙara a kansu, alhali a ƙasa rana na dukan gilashin mota har na cire rigar sanyi.

Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da Plaza Nueva. Al'adar garin ita ce in ka sayi abin sha sai a haɗo maka da ɗan abinci a faranti kyauta, don haka kalmomin da na fara riƙewa su ne na cewa ban da naman alade. Da yunwa ta yi tsanani kuma titin Calderería Nueva nake hawa, inda 'yan Maroko ke da shagunan shayi da kuskus.

Washegari da safe na nufi Cuesta de Gomérez, wani titi mai hawa wanda ya tashi daga dandalin ya nufi ƙofar Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi. Masu zuwa kallon fada suna wucewa da sauri, ba sa lura cewa a gefen titin akwai shagunan masu sassaƙa jita. Na leƙa biyu, a na uku na tsaya, don ƙamshin itace ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Wani dattijo ne a ciki, tabarau a kan karan hanci, yana kankare wani siririn katako, gutsattsarin na zuba a kan takalminsa. Yaronsa na jin Turanci, shi ya zame mana tafinta. Na ji yana kiransa "maestro", ni ma na bi.

Na ce, "Maestro, ban zo saye ba, tambaya na kawo." Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce tambaya ba ta cin kuɗi. Ya saukar da jita biyu daga bango, ya miƙo mini ta farko. Tana da ɗan nauyi, bayanta duhu. Ya karɓa ya miƙo ta biyu, fara tas, ai kuwa sai hannuna ya yi sama don na shirya wa nauyin da babu shi. Ya ce wannan ita ce ta filamenko, suna ce mata blanca. Bayanta da gefenta na itacen sifres ne, irin dogayen bishiyoyin nan masu tsini da zan gani a lambunan Alhambra. Da can itacen talaka ne, ya fi na ƙetare araha, shi ya sa makaɗan unguwa suka saba da shi. Ya ɗaga ta daidai idona ya nuna mini yadda tsirkiyoyin suka kwanta dab da wuyanta. Ya tsinki ɗaya da ƙarfi, sai ta yi wata 'yar ziza kafin sautin ya fita. Na ɗauka aibi ne. Ya ce a'a, ana son ta, in babu ita kiɗan ya yi salam. Nan take na tuna da 'yar igiyar da ake ɗamewa a fatar ganga a wajenmu don ta riƙa zizar nan, wadda in an cire ta makaɗi zai ce gangar ta mutu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne bayaninsa kan mutuwar sauti. Ya ce jitar gargajiyar Turai ana yin ta ne don sauti ya daɗe yana shawagi a ɗaki. Ta filamenko kuwa so ake ya fito da zafi ya mutu nan take, saboda hannun dama zai watso wasu goma a bayansa, in na farko bai kauce ba sai su cakuɗe su zama kunu. Ya nuna mini wani siririn filastik garai-garai da aka manna a fuskarta, ƙasa da tsirkiyoyi, sunansa golpeador. Nan ne farce ke sauka idan makaɗi na dukan katako a tsakiyar kiɗa. Ya ɗauko wata tsohuwa da aka kawo gyara, wadda aka shekara ana duka babu filastik ɗin, wurin ya lotse kamar turmin da ya ga jiya ya ga yau. Ya kuma ambaci Antonio de Torres, mutumin Almeriya da ya rasu a 1892, wanda shi ya tsayar da siffar jitar da muke gani yanzu. Torres ya taɓa haɗa wata jita da bayanta da gefenta na takarda, don ya nuna wa masu musu cewa muryar tana fuska ne. Dattijon ya ƙwanƙwasa fuskar tasa da gaɓar yatsa a wuri uku, kowane wuri da amonsa. Ya ce da ƙyar yake gama goma sha biyu a shekara.

A nan na yi ƙarfin hali na fito da waya na kunna masa kiɗan da ya kawo ni. Ba kamar abokin aikina ba, shi ya saurara har ƙarshe, kansa sunkuye. Da ya ƙare ya ce namijin da ɓallin roba yake tsinkar tsirkiya, kuma ɗan filamenko ba ya taɓa wannan, da farcensa da naman yatsarsa yake aiki. Sai ya ce, "Amma yarinyar nan, ganga ce a hannunta." Ya ɗauki blanca ɗin ya kwatanta mini wani salo da ake kira ventilador, wato fanka, wanda makaɗan rumba na Basalona irin su Peret suka shahara da shi: hannu na juyawa a kan tsirkiyoyi yana dukan katako a lokaci guda. Ya ce tana kusa da wannan, amma ba shi ba ne, nata ya fi gudu, ya fi bushewa. Ya rataye jitar, ya ce wa yaron ya gaya mini, "Ba namu ba ne. Amma babu ƙarya a ciki."

Da la'asar sakaliya na hau unguwar Albaisin, lungu-lungu masu duwatsu da fararen gidaje, har na kai dandalin San Nicolás. Daga nan ake kallon Alhambra ido da ido, kwarin kogin Darro a tsakani. Wurin cike yake da 'yan yawon buɗe ido, ga wasu maza uku a kan dakali da jita biyu suna zuba rumba, ɗaya na tafi yana waƙa da murya mai tsatsa. Jikina ya gane wannan kiɗan nan da nan. Bugu huɗu-huɗu ne, ƙafa na binsa ba sai an koya mata ba. Na ce a raina to ga shi, ai shi ne nake ji a Dublin, abokina ya cika tsanani.

Dab da dandalin akwai masallaci, wanda aka buɗe a 2003, bayan shekara sama da 500 da faɗuwar garin daga hannun Musulmi a 1492. Da rana ta faɗi, ganuwar Alhambra ta yi ja kamar garwashi, ladan ya kira salla, ga jita na ta aiki a bayan katanga. Bayan magariba na zauna a lambun masallacin na kira mahaifina. Na ce, "Baba, ina Garnaɗa." Ya ce, "Garin Ibn Asim mai Tuhfa? Ikon Allah. Me ya kai ka?" Na ce, "Kiɗa na zo ji, Baba." Ya yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da na sani tun ina yaro. Sannan ya ce, "To, Allah ya tsare. Ka dai kula da salla. In ka je Ƙurɗuba ka tuna can aka haifi Alfazazi." Mutumin da ya shekara arba'in yana rera Ishiriniya bai taɓa ganin ƙasar mai ita ba, ni da na zo don tsirkiya ga ni a kanta. Na daɗe zaune kafin na tashi.

Daren nan na je Sacromonte, tudun da Hitanawa suka haƙa koguna suka mai da su gidaje. Hitano shi ne sunan da ake kiran reshen al'ummar Roma na Sifaniya, waɗanda kakanninsu suka taso daga arewacin Indiya suka iso nan a ƙarni na 15, kuma ba za a yi maganar filamenko a tsallake su ba. Kogon da na shiga an shafe shi da farar ƙasa, an rataye tukwanen jan ƙarfe a rufinsa, kujeru layi biyu jikin bango. Mai rawa na wucewa har bakin zanenta na taɓa gwiwata, dugaduganta na dukan ƙasa ina jin su a ƙirji. Ya yi kyau ƙwarai. Amma awa guda ce cif, an tsara ta don baƙi, muna fita wata tawagar na jira a ƙofa.

A dare na uku ne na ji abin da abokina ke nufi. Shi ya ce in nemi Peña La Platería a Albaisin, ƙungiyar masoya filamenko da aka kafa a 1949. Ba a fara da wuri ba. Kujera biyu ce a kan dandamali, ɗaya ta mawaƙi, ɗaya ta mai jita, sai mutum biyu tsaye a baya don tafi. Aka ce soleá za a yi, wani nau'i na waƙar filamenko. Mai jita ya fara a hankali, kamar mai lalube a duhu. Na sa ƙafata ta bi shi yadda ta saba, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai na ga inda nake jiran nauyi babu komai, inda ban zata ba kuma nan kowa ya gyaɗa kai. Na sake gwadawa, na sake ɓata. Wata tsohuwa da ke kusa da ni tana ƙwanƙwasa tebur da gaɓar yatsunta, a hankali ƙwarai. Ta lura da ni, ta jawo takardar goge baki ta rubuta lamba daga 1 zuwa 12, ta zagaye 3, 6, 8, 10 da 12. Ta ce, "Compás, hijo," wato ma'aunin ke nan, ɗana. Bugu goma sha biyu ne ke zagayawa, biyun farko taku uku-uku, ukun ƙarshe taku biyu-biyu, kamar mai tafiya da ya fara da dogon taku sannan ya gajarta da ya hango gida.

Sai mawaƙin ya buɗe baki. Bai fara da kalma ba, da wani dogon "ay" ya fara, yana jan sa yana murɗa shi, jijiyoyin wuyansa a tashe, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a miƙe kamar mai roƙon a saurare shi. Ban ji ko kalma ɗaya ba amma tsigar jikina ta tashi. Abin da na zuba wa ido shi ne mai jitar. Ba ya kallon hannunsa, ba ya kallon mu. Bakin mawaƙin yake kallo. In mawaƙi ya ja numfashi sai ya cike gurbin da 'yar gajeriyar amsa, in ya dawo sai ya ja da baya ya bar masa fili. Mutum ne da a bayyane yake zai iya gudun da zai sa ɗakin ya tashi tsaye, amma ya riƙe kansa kamar ɗan amshin da ya san matsayinsa. Masu tafi kuma iri biyu suke yi: in waƙa ta yi ƙasa sai su lanƙwasa tafin hannu ya fita a dushe, in ta tashi sai su buɗe ya fita da kaifi, ɗaya na faɗawa a tsakanin bugun ɗaya kamar 'yan mata a dandalin gaɗa. Daga cikin mutane ana jefa "olé", ba a ko'ina ba, sai daidai inda ya dace, kuma duk ɗakin ya san wurin in ban da ni.

Na fito wajen ƙarfe ɗaya na dare, Alhambra na haske a tsallaken kwari. Kama da wane ba ta wane. Abin da nake ji a Dublin babu mawaƙin da jita ke yi wa hidima, babu zagayen goma sha biyu. Jitar ce sarauniya a can, a nan kuwa baiwa ce mai daraja.

To daga ina kamar ta fito, har ta ruɗe ni shekara uku? Amsar wannan a bakin kogi na same ta, a Paseo de los Tristes, da yammacin rana ta huɗu. Wasu matasa biyu ne, saurayi da budurwa, ɗalibai, zaune a kan katangar kogin da baƙaƙen riguna, tasa da hoton Metallica. Shi da ɓallin roba, ita da hannu zalla. Tun daga nesa na gane tafarkin da suke bi. Na jefa musu kuɗi na tsaya, da suka huta na yi musu tambayata. Saurayin ya yi murmushi ya ce ya san ciwon, don kakansa ma ba ya yarda a kira abin da yake yi filamenko.

Ya ce in dubi hannunsa na hagu. Ya kama wata siffa a can saman wuyan jita ya kaɗa, ya ce wannan sautin sunansa Mi. Ya zame da hannun gaba da gaɓa ɗaya tak ya sake kaɗawa, ya ce wannan Fa. Ya koma baya. Ya sake zuwa. Sauti biyu ne maƙwabta, babu komai a tsakaninsu, amma in ka tashi daga na biyu ka faɗo kan na farko sai ka ji kamar an rufe ƙofa mai nauyi. Akwai fargaba a ciki, akwai kewa. Ya ce a kan wannan 'yar tazarar aka gina rabin filamenko. Ya watsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiyoyin, daga ƙarami zuwa manuni, ya sauko La, Sol, Fa, Mi, sai ga Andalus ta fito sarai. Sannan ya ce in sake saurara. Ya ɗora gefen tafinsa a gindin tsirkiyoyin ya danne muryarsu, ya riƙa sara mai kaurin da ɓallin roba, ƙasa-ƙasa kawai, da sauri, Mi, Mi, Mi, Fa, Mi. Wallahi sai ga metal, ba lantarki ba komai. Sautukan ba su sauya ba, hannun dama ne ya sauya. Na ce ya maimaita, ya maimaita har sau uku. Da ya ɗan ɗaga sauti na uku a jerin kuma, sai kunnena ya kama wani abu na gida, karin nan da Larabawa ke kira Hijaz, wanda muke ji a bakin ladanai da yawa.

Budurwar ce ta kawo ƙafa ta uku ta murhun. Ta kife tafinta a kan tsirkiyoyi ta kashe su gaba ɗaya, ta riƙa dukan katako: uku, uku, biyu, uku, uku, biyu. Ta ce wannan daga Kyuba yake, can ma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka kai shi. Su kansu 'yan filamenko suna da wasu waƙoƙi da suke kira na tafiya da dawowa, irin su guajira da rumba, waɗanda suka sha ruwan ƙasashen Latin Amurka suka dawo ta tashoshin jiragen ruwa. Rumbar da na ji a San Nicolás ke nan, wadda ƙafata ta gane ba gardama. Ashe da dalili. Ta nuna mini yadda take samun amon babbar ganga da gindin tafi kusa da gadar jita, amon ƙarama da farata a gefe, wuyan hannunta na kaɗawa sako-sako. Ni dai da na ga wuyan hannun nan, masu buga bodhrán na tuna, gangar hannu ta mutanen Ayalan da nake gani a titunan Dublin. Fatar yatsunta ta yi kanta, ɗaya ma an naɗe ta da filasta.

Su ne suka ja ni zuwa maganar Paco de Lucía, gwanin jitar filamenko, wanda aka haifa a Algeciras a 1947. A wajen 'yan filamenko ba a kai shi ba, amma shi ma ya sha suka daga masu tsaron gado. A 1973 ya fitar da rumbar "Entre dos aguas" da jitar bas ta lantarki da gangunan bongo a ciki. A 1977 ya je Peru ya ga cajón, akwatin katakon da baƙaƙen fatar ƙasar ke zama a kai suna duka, ya taho da shi. Yau da wuya ka shiga wurin filamenko ba ka ga akwatin nan ba, har yara suna zaton da shi aka fara. Ya zauna dandamali ɗaya da Al Di Meola da John McLaughlin, 'yan jaz. A Meksiko ya rasu, a 2014. Rodrigo da Gabriela kuwa, a faifansu na 2009 mai kiɗa goma sha ɗaya, kowanne sun sadaukar da shi ga wanda suka koya daga gare shi: akwai na Paco, akwai na Santana, akwai na Dimebag Darrell na ƙungiyar Pantera. Ba su ɓoye bashin da ke kansu ba. Kuma su da bakinsu sun sha faɗa cewa ba filamenko suke yi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, gidan su biyun nan kuwa metal ne, ko da a kan katako suka yi kukan.

Gardamar tsarki da gauraye ba yau ta fara ba. Da na shiga Alhambra, bayan na gaji da karanta "Wa la galiba illallah" a jikin bango, na tsaya a filin Aljibes. A nan ne a 1922 mai tsara kiɗa Manuel de Falla da marubucin waƙoƙi Federico García Lorca da abokansu suka shirya gasar tsohuwar waƙar filamenko, don tsoron kada ta ɓace a hannun masu neman kasuwa. Wani dattijo da ya haura shekara 70 da wani yaro ƙarami suna cikin waɗanda suka ci. Sama da shekara ɗari ke nan ana tsoron mutuwarta, ga ta nan na ji ta da rai a daren jiya. A 2010 UNESCO ta sa filamenko cikin kayan gadon ɗan Adam.

Abin da na yi imani da shi yanzu shi ne kiran kowane kiɗan jita mai zafi da sunan filamenko zalunci ne ta fuska biyu. Ana tauye mutanen da suka riƙe zagayen goma sha biyun nan a koguna da gidajen biki lokacin da ake ƙyamar su. Ana kuma tauye wasu matasa biyu da suka zauna a titi cikin ruwan sama suka ƙago wa kansu hanya, a mai da su masu kwaikwayon da bai yi daidai ba. Ni ma na yi shekara uku ina wannan zaluncin ban sani ba.

Ƙurɗuba wuni ɗaya na yi mata, da jirgin ƙasa. Na shiga cikin dajin ginshiƙan tsohon masallacin, wanda ya koma coci tun 1236, na yi wa Alfazazi addu'a a zuci na ɗauko wa Baba hotuna. Nan ne shahararren makaɗi Ziryab ya sauka a 822, bayan ya baro Bagadaza, ya ƙara wa molon Larabawa, wato ud, tsirkiya ta biyar. Masu yi wa baƙi jagora suna son su ja zare daga shi kai tsaye zuwa filamenko. Amma filamenkon da aka sani sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 ya bayyana, kusan shekara dubu ke nan a tsakani, kuma Hitanawa da Yahudawa da manoman Andalus da jiragen Kyuba duk sun zuba nasu a tukunyar.

Ranar tafiya na koma Cuesta de Gomérez. Kuɗina ba su kai na blanca ba, ko kusa. Na sayi tsirkiyoyi, da filastik ɗin golpeador don 'yar jitar da nake koyo da ita a Dublin. Dattijon ya yanka mini shi da almakashi, ya kwatanta yadda zan manna daga gefe ɗaya ina shafawa don kada iska ta maƙale a ƙasa. Ya kama hannuna na dama ya juya shi, ya dubi faratana, ya ce in daina yanke su ƙwal-ƙwal, in bar su su ɗan leƙo.

Ran Litinin abokina na zaune a teburinmu kafin in iso. Ya ce, "To?" Na ce gaskiyarsa ce, ba filamenko ba ne, kuma a jirgi ma shi na ji tun daga Malaga har Dublin, ya fi mini daɗi yanzu da na san abin da kowane hannu ke yi. Na ciro takardar goge bakin nan na shimfiɗa a gabansa. Ya dube ta, ya ture farantinsa gefe, ya lanƙwasa tafin hannunsa ya fara tafi a dushe. Ya ce bulería ce wannan, ta garinsu, ta fi soleá gudu, kuma daga 12 ake shiga. Na ƙwanƙwasa tebur, na kai 8 na ɓata. Ya ce, "Sake." Sauran abokan aiki suka fara juyowa. A karo na huɗu na kai 10, na faɗa kan 12 tare da shi, bai tsaya ba, ya zarce zagaye na biyu.